A Riƙa Duba Makin Kimiyya Kamar Yadda Ake Duba Littafin Bashi

Sau uku a shekara makarantun sakandare na jihohin Kudu suke sallamar yara da takardar sakamakon jarrabawa: ana gab da hutun Kirsimeti, da wajen watan Afrilu, sa'an nan cikin watan Yuli, lokacin da shekarar karatu take ƙarewa. A Agege da Idi-Araba da Obalende, a Sabon Badun da Sabon Shagamu, a Ama Hausa ta Owerri, har zuwa unguwannin 'yan Arewa na Fatakwal da Binin, kusan abu ɗaya ne yake samun wannan takarda. Yaro ya miƙa wa mahaifinsa ita a rumfar kasuwa ko bayan sallar lisha, uban ya jujjuya ta, ya ce, "Na nawa ka zo?" In an ce na goma cikin hamsin, ya sa albarka, wataƙila har da ɗan tukuici. In kuwa an ce na arba'in, ya yi faɗan dare ɗaya. Daga nan takarda ta shige ƙarƙashin katifa ko ƙasan adaka, ba mai sake neman ta sai ɓera.

Abin mamaki, wannan uba shi ne mutumin da ba a iya ruɗinsa da lissafi a kasuwa. Fataken goro na Shagamu ba su taɓa yanke wa kasuwa hukunci da cinikin yini ɗaya ba. Dillalin tumatur a kasuwar Mil 12 yana riƙe da farashin kwando na rani da na damina, na bara da na bana, duk a kansa, ya kuma san makon da kaya za su yi tsada tun motoci ba su taso daga Kano ba. Mai gidan da yake riƙe da littafin bashi yakan gane abokin cinikin da ya fara durƙushewa tun daga biyan da ya soma jinkirtawa, ba ya jira sai ranar da ya gudu. Irin wannan basira ake bukata a kan takardar yaro, musamman a layukan nan na kimiyya da lissafi, gama a nan ne ake yanke ko zai zama likita ko injiniya ko ma'aikacin jinya, kuma a hankali ake yankewa, zango bayan zango, ba tare da kowa ya ji motsi ba.

Matsayin yaro a aji ba ya faɗin abin da iyaye suke zato. Ana samunsa ne ta tara makin dukan darussa wuri ɗaya, a jera yara daga sama zuwa ƙasa. Saboda haka yaron da ya ci 85 a Ilmin Addinin Musulunci, albarkacin Islamiyyar da yake zuwa da yamma, ya kuma ci 75 a darasin aikin gona, zai iya zuwa na goma sha biyu alhali Kemistirinsa yana 38. Manyan makin sun lulluɓe ƙaramin ke nan. Har wa yau, matsayi gwadawa ne da 'yan aji kurum. In ajin duka ya zame ƙasa tare, na goma zai ci gaba da zama na goma, yana nutsewa tare da sauran. Hukumar WAEC kuwa, wadda aka kafa tun 1952, ba ta tambayar na nawa yaro ya zo a ajinsu. Darasi ɗaya-ɗaya take aunawa, daga A1 zuwa F9, kuma abin da ake kira kiredit ya tsaya ne a C6, watau wajen maki 50. D7 da E8 sunansu hayewa, amma ba su buɗe ƙofar jami'a. Mai son karatun likita ko harhaɗa magunguna ko jinya tilas ya kawo kiredit a darussa biyar: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Ɗaya ya faɗi, sauran huɗun sun zama ado.

Kimiyya ta bambanta da yawancin darussa ta fuska ɗaya: gini ce, kowane jeri yana zaune bisa na ƙasa da shi. A ƙaramar sakandare darasi ne na share fage, wanda yaro mai kaifin hadda zai iya cinyewa da haddar sunaye da ma'anoni. 'Ya'yan Hausawa kuwa, masu tasowa da allo a hannu, ba a yi musu gorin hadda. Da an shiga aji ɗaya na babbar sakandare sai darasin ya rabu uku, kuma biyu daga ciki, Fiziks da Kemistiri, lissafi ne sanye da wata riga. Fiziks yana farawa da awo da gudu da tafiyar abubuwa, inda ake bukatar yaro ya iya juya ƙa'idar lissafi ya fid da abin da ake nema daga cikinta. Kemistiri yana farawa da alamomin sinadarai da daidaita ɓangarori biyu na haɗi, sa'an nan ya iso ga abin da ake kira mol, watau mudun da masana sinadarai suke auna ƙwayoyin zarra da shi. Yaron da bai riƙe wannan mudu a aji ɗaya ba, duk awon da zai yi a aji biyu da aji uku a karkace zai fito.

A ɗauki misali, ba na wani yaro takamaimai ba. Ya bar ƙaramar sakandare da 70 a kimiyya. Zango na farko a babbar sakandare ya sami 58 a Fiziks, na biyu 51, na uku 44. Babu ɗaya daga takardun nan uku da za ta tayar wa uba hankali in ya gan ta ita kaɗai, domin a makarantu da yawa wanda ya ci 40 ya haye. Amma in an shimfiɗa su a jere bisa tabarma, gangaren a fili yake: maki bakwai-bakwai suke zuba kowane zango. In ba a tare ba, tun a farkon aji biyu yaron ya shiga F9, uba kuwa ba zai farga ba sai ana saura wata biyu jarrabawar fita, ya shiga neman malamin lesin ido rufe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shi kansa gangaren ba iri ɗaya ba ne, kuma kowane iri yana nuna inda ciwo yake. Takardu da yawa suna da gurbin da ake rubuta matsakaicin makin aji a kowane darasi. In yaro ya sauka, matsakaicin ajin ma ya sauka tare da shi, to, makaranta za a duba: wataƙila malami ya bar aiki ba a maye gurbinsa ba, ko an ba malamin Bayoloji riƙon Fiziks, ko an iso babi mai wuya aka bi ta kansa a guje. In aji yana nan daram, yaro shi kaɗai ya zame, kuma a dukan darussa, to, amsar tana gida: rashin lafiya, ko ido da ba ya hango allo daga bayan aji, ko tsaron shago har ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ko wayar da ake kwana ana latsawa. In kuwa Bayoloji yana tsaye amma Fiziks da Kemistiri suna faɗuwa tare, galibi lissafi ne ya ruɓe daga tushe, kuma kuɗin da za a zuba a lesin Fiziks gara a kashe su a koma wa lissafin ƙaramar sakandare, na sulusi da rubu'i da ɗigo, ko da yaron zai ji kunya.

Akwai wani iri kuma wanda ya fi shafar 'ya'yan baƙi. Yaro ya yi kyau a tambayoyin canki-canka, inda zai zaɓi amsa ɗaya cikin huɗu, amma ya faɗi warwas inda aka ce ya yi bayani da alƙalaminsa. Wannan ya fahimci abin, Turancin faɗinsa ne babu. Ɗan Bahaushe a Ikko yana tashi da Hausa a gida, Yarbanci ko Turancin Buroka a titi, Larabci a Islamiyya, sa'an nan a ce ya bayyana yadda jini yake kewaya jiki da Turancin littafi. Harsuna huɗu a bakin ɗan shekara goma sha biyar arziki ne, sai dai takardar jarrabawa ɗaya kaɗai take saye. A shekarun 1970 marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ife, inda aka koyar da yara darussan firamare shekara shida da Yarbanci, aka ga ba su gaza takwarorinsu ba har a shi Turancin. Ɗan Arewa da ke zaune a Kudu ba shi da makarantar da za ta koya masa kimiyya da Hausa. Abin da ake iyawa shi ne a gane ciwon da wuri, kuma gwajinsa ba shi da wuya: a sa yaron ya bayyana darasin da Hausa a gaban wanda ya sani. In ya warware shi tsaf, to, karatun littattafan Turanci da yawan rubutu yake bukata, a daina ce masa daƙiƙi.

Sai kuma abin da ba a cika son faɗi a majalisa ba, watau tafiye-tafiye. Kalandar makaranta rana take bi, Salla kuwa wata take bi, tana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. A 'yan shekarun nan Babbar Salla tana faɗowa ne cikin zango na uku. A 2025 ta kama ranar 6 ga Yuni, ana cikin jarrabawar WAEC. Hutun kwana biyu gwamnati take bayarwa. Iyalin da suka tashi daga Ikko zuwa Sakkwato ko Maiduguri ba su yin tafiyar kilomita dubu ko fiye domin kwana biyu. Ana haɗa Salla da biki da gaisuwar rasuwa da duba gona, kafin a ankara mako uku ya tafi. Zumunci wajibi ne, ba mai ja da wannan. Amma mako uku kusan rubu'in zango ne, kuma gwaje-gwajen cikin zango, waɗanda suke ɗauke da maki 30 ko 40 cikin 100 gwargwadon tsarin makaranta, ana yin su ne yaro yana can yana kallon hawan Salla. Wannan tsari na tara maki tun daga cikin zango ya zo ne da Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977, ya kankama da tsarin 6-3-3-4 a shekarun 1980, amma har gobe akwai iyayen da suke ɗauka jarrabawar ƙarshe ce kaɗai jarrabawa. A saman takardar sakamako akwai gurbi biyu da ido ba ya kula da su: sau nawa aka buɗe makaranta, sau nawa yaro ya halarta. Uban da ya ɗora waɗannan lambobi kusa da makin Kemistiri sau da yawa zai tarar shi ne da hannunsa ya biya kuɗin motar da ta tafi da makin.

Sauya makaranta ya fi wannan muni. Kasuwa ta yi sanyi, ko rikici ya tashi irin wanda ya auku a kasuwar Shasha ta Badun cikin Fabrairun 2021, sai a kwashe iyali a mai da su gida. An tuna da keken ɗinki da tukwane, an manta da takardun yara. Alhali hukumar jarrabawa tana karɓar makin cikin aji na shekarun babbar sakandare daga hannun makarantu, kuma sabuwar makaranta ba ta da hanyar sanin babin da yaro ya yi da wanda bai yi ba, sai ta sa shi inda tsawonsa ya nuna.

Babban maki ma yana bukatar tambaya. Ƙidayar da aka yi a Jihar Legas tsakanin 2010 da 2011 ta gano makarantu masu zaman kansu sama da 12,000, mafi yawansu ba su sami amincewar gwamnati ba a lokacin. A cikinsu akwai nagari ƙwarai. Amma makarantar da take rayuwa da kuɗin iyaye ta san uban da ya ga ja a takarda zai iya ɗauke ɗansa, don haka alƙalaminta yakan yi laushi. Hanyar kama wannan tana ɗakin gwaje-gwaje. Kowane darasin kimiyya takarda uku ne a WAEC: canki-canka, da bayani, da gwajin hannu. A Kemistiri za a ba yaro dogon bututun gilashi mai awo ya riƙa ɗiga asid cikin wani ruwa har launi ya juya, ya karanta awon, ya yi lissafi. A Fiziks akwai lilo na zare da agogo, da madubi, da batir da wayoyi. A Bayoloji za a ajiye masa ganye ko ƙashi ko ƙwaro ya zana ya sa sunaye. Yaron da ya kawo 80 a Kemistiri zango shida a jere, amma bai taɓa riƙe wannan bututu ba, takardarsa cek ce ta bankin da ba kuɗi. Tambaya ɗaya ta isa uba ya yi: "Sau nawa kuka shiga ɗakin gwaji a zangon nan?" Game da cibiyoyin nan da ake biyan kuɗi a rubuta wa yaro amsa a allo ranar jarrabawa, abin da za a ce kaɗan ne: kiredit ɗin da aka saya yakan kai yaro aji ɗaya na jami'a, inda Fiziks da Kemistiri suke jiransa a bakin ƙofa.

Ko lambobin ƙasa baki ɗaya ba a haɗiye su ba tauna. Waɗanda suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi a jarrabawar WAEC ta 'yan makaranta kashi 31.28 ne cikin ɗari a 2014. A 2021 sun kai kashi 81.7, a 2024 suka sauko 72.12. Ba mai hankalin da zai ce ƙwaƙwalwar 'ya'yan Nijeriya ta ninka fiye da biyu cikin shekara bakwai. Lalle akwai abubuwan da suka sauya a wajen kawunan yaran. A 2025 hukumar ta fara sanar da kashi 38.32 ranar 4 ga Agusta, bayan kwana huɗu ta dawo ta ce an yi kuskure wajen makin takardun canki-canka, ta gyara zuwa 62.96. A wannan shekarar dai, cikin watan Mayu, shugaban hukumar JAMB, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito ya amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon masu jarrabawa 379,997 a cibiyoyi 157 na Jihar Legas da jihohi biyar na Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa. Wuraren nan kuwa su ne inda dubban 'yan Arewa suke zaune da 'ya'yansu. Abin lura shi ne koke-koken ɗalibai da iyaye da malamai ne suka sa aka sake dubawa, kuma masu koken mutane ne da suka san ƙarfin 'ya'yansu tun da daɗewa, suka ga makin bai yi kama da su ba. Uban da bai san abin da ɗansa yake ci a aji ba, in aka kawo masa 140 cikin 400, ba shi da bakin magana. Sai ya ce haka Allah ya ƙaddara, alhali wataƙila na'ura ce ta yi tuntuɓe.

Wasu suna kwantar da hankalinsu da cewa yaro ɗan asalin Zamfara ne ko Yobe ko Jigawa, kuma jami'o'in tarayya suna ware kashi 20 cikin ɗari na gurabe domin jihohin da aka bari a baya a ilmin zamani. Haka ne. Sai dai wannan kaso yana sassauta makin shiga ne ga wanda ya riga ya cika sharaɗi, ba ya mai da D7 ta zama C6. Takardar shaidar ƙaramar hukuma ba ta taɓa haye wa kowa Kemistiri ba. Jihar Kano ta gane haka tun 1977, sa'ad da ta duba ta ga 'ya'yanta masu zama likitoci da injiniyoyi ba su taka kara sun karya ba, ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, ana zaɓen yara da jarrabawa, ana ba su malamai da kayan gwaji. Likitocin da suka fito daga can suna cike da asibitocin Arewa da na ƙasashen waje. Mafarin abin duba sakamako ne da ƙirga giɓi.

Takardar 'ya mace ta fi kowace saurin shiga adaka. Sau da yawa ita ce mai makin da ya fi na 'yan'uwanta maza a ƙaramar sakandare, amma ba a tambaya, domin an riga an yanke cewa karatun nata ba mai nisa ba ne. Magidancin da yake ɓata rai in aka ce likita namiji ne zai duba iyalinsa a asibitin Ikko ko Inugu, ya kamata ya tuna cewa likita mace da ungozoma daga irin wannan takarda suke fitowa.

Za a ce yawancin iyayen nan ba su yi boko ba, yaya za su karanta takardar Turanci? Ai lambobi ne, kuma wanda yake ƙirga miliyoyi a kasuwar shanu ta Lokpanta ko mayankar Oko-Oba ba zai ce 58 da 44 sun gagare shi ba. Littafin rubutu ɗaya ya isa kowane yaro har ya gama sakandare. A ja layi, a rubuta sunayen darussan nan biyar, ko da ajami ne, kowane zango a sa makin yaro, da matsakaicin aji, da kwanakin da ya yi fashi. Uwa ma tana iya riƙe littafin, ita da ta fi kowa sanin ranar da yaro bai je makaranta ba da dalilinsa.

Abin da ya fi ƙarfin gida kuma jama'a ta ɗauka. Kusan babu garin Kudu da ba shi da Sarkin Hausawa da kwamitin masallaci da ƙungiyoyin 'yan goro da mahauta da 'yan gwari da 'yan canji, waɗanda suke tara kuɗi cikin dare ɗaya in an kama ɗan'uwa ko an yi gobara. Tun 1973 kuma ake turo masu yi wa ƙasa hidima daga Arewa zuwa Kudu, cikinsu da waɗanda suka karanta Fiziks da Kemistiri da likitanci, suna zuwa sallar Juma'a a waɗannan masallatai ba wanda ya tambaye su abin da suka karanta. Zama ɗaya a ƙarshen kowane zango, a zauren Sarki ko harabar masallaci, kowane uba ya zo da littafin ɗansa, waɗannan matasa su duba su ware wanda lissafi ya kayar da wanda Turanci ya kayar da wanda makarantarsa ce ba ta da malami, ba zai ci kuɗin da ya kai na raguna biyu ba. In aka tarar yara takwas na makaranta ɗaya duk sun zame a darasi ɗaya a zango ɗaya, to, wannan magana ce da wakilan unguwa za su kai wa shugaban makarantar da taron Ƙungiyar Iyaye da Malamai, taron da kujerun 'yan Arewa suka saba zama wayam.

Malamin kimiyya yana da nasa littafin makin, wanda ya fi takardar sakamako bayani, gama a ciki ne ake ganin gwaji na farko da na biyu da aikin gida daban-daban, har da babin da aka yi kowane gwaji a kansa. Uba yana da ikon ya nemi a nuna masa layin ɗansa. Ya tafi da safe kafin kasuwa ta buɗe, ya tafi da yaron domin ya yi masa tafinta in da bukata, ya tambayi malam a wane babi ne makin ya fara sauka, da kuma ko akwai sauran yara da suka sauka a nan. In malamin ba ya nan a ranar, a nemi ranar da yake da darasi, a rubuta ta a bangon littafin.